Kujerun MGB ta 1967: a gyara na asali ko a sa waɗanda ba sa cin baya?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin Ingila. Ina da MGB buɗaɗɗiya ƙirar 1967, ja, a nan Coventry. Inji lafiya lau, an yi mata walda a ƙasa, an yi fenti. Abin da ya rage kujeru ne. Na asali ne da ta fito da su daga masana'anta: baƙar fata da jan faifin (siririyar igiyar ado da ake ɗinkawa a bakin fatar) a gefe, gajeren baya, babu majinginin kai. Fatar ɓangaren direba ta tsattsage, soson ya mutu, in na zauna ƙarfe nake ji a ƙarƙashina, kuma tafiya ba ta nisa ƙugu zai riƙe. Maman Ilham ta ce ba za ta ƙara shiga ba sai an sa abin da zai tare mata wuya. Wani maƙwabcina ya ce in cire su gaba ɗaya in sa na Mazda MX-5, wai haka kowa ke yi. Raina bai kwanta da hakan ba, amma kuma ban sayi motar don in ajiye ta a gareji ina kallo ba. Me kuka gani?

Dattijo:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sanya alheri, Baban Ilham. Bari ka san abin da ke hannunka kafin wani ya zuga ka ka rabu da shi. MGB ta fito a 1962, aka yi ta ƙera ta a garin Abingdon na Ingila har Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an ƙera sama da rabin miliyan in an haɗa da GT mai rufi. A tsawon shekarun nan kujerun sun sauya sau da dama. Daga 1962 zuwa 1968 irin naka ne, fata da faifin mai launi daban, baƙa da ja ko baƙa da fari, akwai kuma jar fata. A ƙirar 1969 aka kawo kujera mai kwantawa baya, ita ma fata. Daga ƙirar 1970, lokacin motar tana hannun kamfanin British Leyland ana ta tsimin kuɗi, sai aka bar fata aka koma leda. A 1977 kuma aka kawo wa kasuwar Ingila yadi mai ratsi-ratsi, ruwan lemo ko ruwan toka. Saboda haka wanda ya san motar, da ya leƙa ciki ya san shekararta. Taka tana da baƙin dashbod na ƙarfe da ƙaton sitiyari mai siraran wayoyi. Ka dasa kujerar Japan ta 1990 a tsakaninsu, ido ba zai taɓa karɓa ba. Kuma buɗaɗɗiyar mota ba ta ɓoye komai, in ka sauke rumfa kujerun ne abin da ake fara gani.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Dattijo, tarihin da ka kawo haka yake, ba ja. Amma ni ina Texas, tawa ƙirar 1972 ce, kuma kujerun MX-5 ne a ciki. Ban yi nadama ba. A nan tafiya doguwa ce, kujerar da ba ta riƙe haƙarƙari a kwana, ba ta kuma tallafe ƙugu, azaba ce kawai. MX-5 ta farko, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1997, girmanta bai wuce na MGB da yawa ba, shi ya sa kujerunta ke shiga. Wasu a nan na Pontiac Fiero suke sawa, wadda aka yi daga 1984 zuwa 1988. Duka ana samunsu da araha wajen masu sayar da kayan motocin da suka mutu. Sannan a tuna, majinginin kai ba ƙawa ba ne. Dokar Amurka ce ta wajabta shi a kan sababbin motoci daga 1 ga Janairun 1969, kuma da yake a lokacin yawancin MGB nan ake kawo su, Abingdon da kanta ta sa shi. In masu motar sun yarda sun ƙara, me zai hana Baban Ilham? Ya naɗe na asalin ya ajiye, ranar sayarwa ya mayar.

Oga Mai Kujera:
Salamu alaikum manya. Ni ban taɓa ganin wannan mota ido da ido ba, amma ɗinkin kujerun mota shi ne sana'ata a Kano tun ina yaron shago. Alhaji Baban Ilham, kafin a yanke wa kujerar nan hukunci, ka kwance ta ka kifa ta ka faɗa mana abin da ka gani a ƙasa. Kujerar da ta haura shekara hamsin da sosonta na farko, ba ita kake zama a kai ba, gawarta ce. Ba a cewa ƙirarta ba daɗi sai an zauna a kanta da sabon ciki.

Baban Ilham:
Na gode Oga. Na kwance ta direba na kifa. A ƙasa akwai wata faffaɗar baƙar roba da aka maƙale wa firam da ƙananan ƙugiyoyi. Ta yage daga gefe guda, ƙugiyoyi da yawa sun fita. Soson kuwa in ka taɓa shi zuba yake kamar gari. Firam ɗin akwai tsatsa amma bai karye ba.

Oga Mai Kujera:
To Alhamdulillahi, ciwon ya fito. Wannan robar ita ke ɗauke da nauyinka, soso taushi kawai yake bayarwa. Kamar gadon igiya ne, in igiyar ta saki ko katifa nawa ka ɗora sai ka lotsa. Da robar ta yage, mazauninka ya faɗa rami, gwiwa ta yi sama, ƙashin baya ya lanƙwashe waje, dole ƙugu ya riƙe. Ko kujerar Marsandi ce aka yi wa haka, abin da za ka ji ke nan. Ka kankare tsatsar, ka duba duk inda aka yi walda ko akwai tsaga, a shafa fenti, a sa sabuwar roba da sabon soso. Kuma soson kada a sa kala ɗaya. Mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama. Mutane suna son mai laushi zalla saboda daɗin zaman farko, amma shi ne ke gajiyar da mutum a doguwar tafiya, don jiki nutsewa yake yi ba abin da ya tare shi. A jinginar kuma, daidai inda bel ɗin wando yake zuwa sama kaɗan, a ƙara ɗan soso mai tudu a ƙarƙashin fata. Daga waje ba mai gani, amma bayanka zai sani.

Bakanike:
Oga ya gama magana a kan soso. Ni a wani gareji nake aiki a Leeds, kuma motocin nan suna zuwa mana. Abin da zan ƙara shi ne tsayi, don nan ne mutane ke shan mamaki. Alhaji, ka saba zama a rami. Ranar da aka sa sabuwar roba da sabon soso za ka ji ka ɗagu da inci ɗaya ko biyu. Sitiyarin ƙirar 1967 faɗinsa inci 16 da rabi ne, kuma ba ya ɗagawa ba ya sauka. In kai dogo ne ko mai jiki, cinyarka za ta riƙa gogar sa duk sanda za ka taka kuloci. Gilashin gaba kuma gajere ne, sai ka tarar ƙarfen samansa ya tsaya maka daidai ido. Akwai mafita. Maimakon faffaɗar robar, ana iya sa ɗamarar roba da ake saƙawa a firam, ita ta fi sauka ƙasa kuma ta fi laushi. Ko a rage kaurin soson daga ƙasa. Wasu suna canza sitiyari su sa ƙarami, inci 14 ko 15, irin na Moto-Lita mai katako, wanda dama tun zamanin ana sawa. Sai dai motar ba ta da fawa mai sauƙaƙa juya sitiyari, duk ƙanƙantar sitiyari ƙarin nauyi ne a hannu wajen fakin.

Game da MX-5, Injiniya bai faɗi wahalar ba. Titin da kujerar ke zamewa a kai bai dace da ramukan MGB ba. A MGB noti huɗu ne ke riƙe kowace kujera, suna shiga mazauninsu da aka liƙa da walda a ƙasan motar, da 'yan katakai dogaye da zobban alminiyam a ƙarƙashin titin. In za a sa ta Mazda sai an ƙera faranti na ƙarfe ko an huda sababbin ramuka. Na ga motar da aka huda mata ƙasa aka ɗaure kujera da ƙananan washa a kan falle ɗaya na ƙarfe. In aka yi karo, notin zai ɓarke ƙarfen ya fito. Farantin kuma ƙarin tsayi ne. Kuma a nan Ingila, duk canjin da ka yi sai ka gaya wa kamfanin inshora.

Injiniya:
Gaskiya ne, nawa sai da aka ƙera musu faranti mai kauri, aka kuma yanke soson mazaunin daga ƙasa don in sauka. Aiki ne, ban ce ba aiki ba ne. Amma sau ɗaya ake yi.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ban san mota kamar ku ba, aikina gashin ƙashi ne a wani asibiti a Manchester, kuma ina goyon bayan Maman Ilham ɗari bisa ɗari. Kuna ta maganar ƙugu, ita kuma maganar wuya ta yi, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ciwon ƙugu soso zai gyara shi kamar yadda Oga ya ce. Wuya kuwa ba soson da zai cece shi. In mota ta buge ku ta baya, kujera tana tura gangar jiki gaba da ƙarfi, kai kuma yana nan a baya saboda nauyinsa, ya kai kilo huɗu zuwa biyar. Sai wuya ya lanƙwashe baya, sannan ya dawo gaba. Kujerar da ta tsaya a allon kafaɗa ba ta da abin da zai tare kan. Masu wannan rauni suna zuwa mana, wasu su warke cikin makonni, wasu su daɗe da ciwon kai da sanƙarar wuya da mutuwar yatsu. Kuma ba sai a babbar hanya ba, a danja ko a shataletale ma yana faruwa. Yaya Baban Ilham, don Allah kada ka ɗauki maganarta a matsayin ƙorafi.

Dattijo:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri, maganarki ta masu ilimi ce. Amma mu duba motar gaba ɗayanta. Ba ta da jakar iska, ba ta da rufi, ba ƙarfen da zai kare kai in ta kife. Wanda ya shiga motar 1967 ya san ya bar kariyar zamani a gida. In muka ce sai mun toshe kowace ƙofa, ƙarshenta sai mu ce ya sayi MX-5 ɗin gaba ɗaya ya huta. Irin motar nan ana fita da ita ne ranar da rana ta fito, a ƙananan hanyoyin ƙauye, a hankali. Ni haka nake yi da tawa, da kujerunta na asali, kuma Allah Yana tsarewa.

Maman Sadiq:
Baba, Allah Ya ci gaba da tsarewa. Amma bugun baya ba ya hannun mai tuƙi a hankali, yana hannun wanda ke bayansa. Kafin ka kai hanyar ƙauyen sai ka ratsa gari, kuma motocin yanzu manya ne masu tsayi, ƙaramar mota irin wannan wani ma bai lura da fitilar birkinta ba. Rashin jakar iska ba dalili ba ne na barin abin da ake iya ƙarawa da sauƙi. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma kai ka zaɓa wa kanka, Baba. Ita ba ta zaɓa ba, ta ma faɗi abin da take so.

Bakanike:
Dattijo da Hajiya, akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ita nake ba yawancin masu kawo mana irin wannan matsala. A nemi firam ɗin kujerun MGB na baya, na 1970 zuwa 1980. Suna kwantawa baya da hannu, suna da ramin majinginin kai, kuma in ka same su da titinsu suna hawa ramukan da ke motarka ba tare da an huda komai ba. Sai a yi musu riga da baƙar fata da jan faifin, a bi salon ɗinkin 1967. Masu sayar da kayan MG a nan kamar Moss da MG Owners' Club suna da rigunan fata na waɗannan firam, kuma duk mai ɗinkin kujera da ya iya aikinsa zai yi. Majinginin a kan sanda ɗaya yake, ana zare shi. Ranar taron tsofaffin motoci ka zare ka sa a but, ranar tafiya da iyali ka mayar. Tsofaffin firam ɗin ba sa wuyar samu, don motocin 1970 zuwa sama sun fi yawa.

Dattijo:
Malam Bakanike, wannan ta fi ta Mazda nesa ba kusa ba, aƙalla jinin gidan ne. Amma kada a ce wa Baban Ilham daidai take da tasa. Siffar bayanta daban ce, ga hannun kwantarwa a gefe, ga ramin sanda a sama. Alƙalan gasar motocin asali za su gane kafin su sunkuya.

Baban Ilham:
Dattijo, ni ba gasa zan shiga ba. Abin da nake so, in na buɗe gareji in ga motar 1967, in na tuƙa kuma in sauko da ƙafafuna ba tare da na dafa ƙofa ba.

Injiniya:
To ai ni irin waɗannan kujerun na cire daga tawa, don haka bari in faɗi aibinsu. Majinginin nan mai sanda ɗaya ba shi da makulli. Wani ɗan abu ne a cikin jinginar ke matse sandar, in ya tsufa sai majinginin ya riƙa zamewa ƙasa da kansa ya koma daidai wuya. Na MX-5 a haɗe yake da jinginar, ba inda za shi. In tsaro ake nema da gaske, a yi shi da gaske.

Maman Sadiq:
Injiniya ya taɓo abu mai muhimmanci. Majinginin da ya tsaya a wuya bai yi aikinsa ba, kai zai iya lanƙwasawa ta samansa. Ƙa'idar ita ce samansa ya kai daidai saman kai, ko aƙalla ya wuce saman kunne, kuma tazararsa da ƙeya ta zama kaɗan. Saboda haka kowace kujera za a saya, su biyun su zauna a kai a auna. Na haɗe ɗin ma in mutum dogo ne yana iya yi masa gajarta, tunda ba ya ɗagawa. Wani abu kuma, in kujera na kwantawa, kada a kwantar da ita sosai don jin daɗi, hakan yana nisanta ƙeya da majinginin, yana kuma sa bel ya bar kafaɗa.

Bakanike:
Abin da ke matse sandar ana sayar da sabo, kuma lokacin da kujera take tsirara ake canza shi, aikin minti kaɗan ne. Da sabo a ciki sai ka sa ƙarfi kafin ya motsa. Tunda an zo maganar bel, Alhaji ka duba naka. In tsohon nan ne da ba ya naɗewa, wanda rana ta cinye, a canza shi tare da kujerun, a kuma duba mazaunin notinsa a gefen ƙofa da kan tudun giya ko tsatsa ta ci. Motar nan ba ta da shasi daban, jikinta ne ƙashinta, don haka ƙarfin kujera da na bel duk a kan lafiyar wannan ƙarfen suke.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni tambaya gare ni. Tunda fata za a saya, me zai hana a yi da tamu? Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato duniya ta san ta, Turawa sun daɗe suna saye. Baban Ilham ya sa a kawo masa daga gida mana, motar Ingila da fatar ƙasar Hausa.

Oga Mai Kujera:
Ƙanena, tunaninka mai kyau ne, kuma fatar tana da daraja yadda ka faɗa. Amma ba aikinta ba ne. Fatar akuya ƙarama ce kuma siririya, ta jaka ce da takalmi da bangon littafi. Kujerar mota fatar sa take so, wadda guda ɗaya za ta ba ka murabba'in ƙafa 45 zuwa 50, ka yanka dogayen falle ba haɗi. Ga kuma jima. Jimar bagaruwa irin ta majemarmu tana da kyau da ƙamshi, amma ruwa na yi mata tabo, rana na sauya mata launi, jan rinin kuma yana iya kama farar riga in an yi gumi. Motar da ba rufi, a ƙasar da ruwa ke sauka ba sallama, sai fatar da aka jeme da sinadarin kurom aka rufe fuskarta da fenti. In kana son hannun gida a motar, a ɗinka mata jakar kayan aiki da jar fatar, ta zauna a but.

Alhaji, in za ka ba da ɗinki, ga abin da za ka tsaya a kai. A kwance tsohuwar riga ɗaya a yi awo da ita, ko aƙalla a ƙirga layukan ɗinkin tsakiya a auna faɗin kowane, a bi su daidai. Faifin ya zama siriri, masu koyo suna sa igiya mai kauri sai kujera ta fito kamar ta falo. Fatar kada ta zama mai ƙyalli sosai. Zare ya zama wanda rana ba ta ci. Waɗannan ƙananan abubuwan su ke sa ido ya yarda da shekarar kujera, fiye da firam ɗin da ke ciki.

Dattijo:
Oga ya ce a kwance tsohuwar riga, a nan zan roƙi alfarma. Kada a farke ta. A auna ta tana jikinta. Baban Ilham ya ce ta direba ce ta tsattsage, ke nan ta fasinja da sauranta. Tsohuwar fata in ba ta bushe ta zama kwali ba, ana ceto ta: a wanke da sabulun fata, a shafa mata mai a bar ta ta sha, a liƙa yadi ta ciki inda ta tsage, a mayar da launi. Laushin fatar da aka zauna a kai shekara da shekaru ba a sayensa a shago. Sannan ka rubuta wa gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon, ba nisa da kai, ka ba su lambar motar. Suna riƙe da littattafan masana'anta, za su ba ka takardar shaida mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta da launin jikinta da na kujerunta. In takardar ta ce ja da baƙar fata, ka ga kujerun nan da motar tare suka fito, kuma darajarsu tare take.

Oga Mai Kujera:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Ana iya ɗaukar awo da takarda ba tare da an farke ba, ya fi cin lokaci ne kawai.

Bakanike:
Saura abu biyu da ake mantawa sai an gama. Na farko rumfa. A 1967 akwai mai ƙarafan da ake kwancewa a zuba a but, akwai kuma mai naɗewa a bayan kujeru. In mai naɗewa ce taka, ka gwada ta da sababbin kujerun a ture su baya iyaka, ka tabbata ƙarfen ba ya cin fatar. Na biyu, shimfiɗar da ake rufe wajen zama da ita in an yi fakin ba rumfa. Ta 1967 shafaffiya ce, ba ta da aljihun majinginin kai. Ko dai ka riƙa zare su kafin ka rufe, ko ka sayi mai aljihu. Kuma kada a manta batura biyu masu bolt 6 suna ƙarƙashin murfi a bayan kujerun, don haka jinginar dole ta riƙa kifowa gaba ba wahala. Notin ƙasa kuma ka jiƙa su da man kwance tsatsa tun kwana biyu kafin ka taɓa na fasinja, in mazauninsu ya ɓalle sai an kira mai walda.

Baban Ilham:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da Maman Ilham mun karanta tare. Ga inda muka tsaya: zan nemi firam na 1970 zuwa sama da titinsu, a yi musu baƙar fata da jan faifin bisa awon na asali, da ɗamarar roba a ƙasa saboda ina da tsayi. Majinginin zai zauna a jiki duk sanda muke tafiya. Ba za a huda motar ba. Na asalin ba zan sayar ba, ba zan farke ba, kuma zan nemi takardar Gaydon. Injiniya, na ji hujjarka, in mun auna majinginin bai kai inda Hajiya ta ce ba, zan dawo maganar Mazda.

Dattijo:
Ni dai da tawa ce da na gyara na asalin na mayar, kuma har yanzu ina ganin da ka fara gwada su da sabon ciki kafin ka kashe kuɗi a kan wasu. Amma iyalinka sun fi ni haƙƙi a kan motar. Na asalin kada su kwana a ƙasan siminti ko a cikin leda, danshi zai sa su fumfuna. Ka ɗora su a kan katako a wuri busasshe, ka lulluɓe da tsohon zanen gado, ka haɗa titinsu da katakansu da notinsu a jaka ɗaya ka ɗaure a jikinsu.

Oga Mai Kujera:
Alhaji, saura sharaɗi ɗaya da za ka kafa wa mai ɗinkin tun kafin ku yi ciniki. In ya gama ɗaura ɗamara ya yanka soso, kada ya ja fata tukuna. Ya rufe da yadi kawai, a ɗaura kujerun a mota, kai da Hajiya ku zauna. Ka taka kuloci har ƙasa ka ga ko cinya na taɓa sitiyari, ka duba inda ƙarfen gilashi ya tsaya maka, a ɗaga rumfa ka ji ko kai na taɓawa. In da hali ku ɗan zaga unguwa. Tudun ƙugun nan a riƙa matsar da shi sama ko ƙasa har kowannenku ya ce nan ne, don naka da nata ba za su zo wuri ɗaya ba, sai a yi alama da alli a liƙa. In gaban mazaunin bai tallafi cinya ba, a ƙara soso a bakin, kada a cusa washa a ƙarƙashin titi. Duk wannan kafin a ja fata ake yi, don in an ja an maƙale, kowane gyara sai an sake kwancewa, kuma fatar da aka ja sau biyu ba ta komawa ta kwanta yadda take.